Ƙwaryar Nono Da Ƙashin Yaro A Ƙasar Haɗejiya

Duk wanda ya ratsa ƙasar Haɗejiya da kaka, sa'ad da ruwa ya fara ja da baya daga fadamu, ba ya bukatar a gaya masa cewa ƙasar shanu ce. Tun daga Auyo har Kirikasamma da Guri, ko'ina ka duba garke ne, farare da jajaye, suna bin ɗanyar ciyawa inda ruwa ya kwanta. Da hantsi kuwa sai ka ga matan Fulani sun jero daga rugage, kowace da ƙwarya a ka an rufe da faifai, sun nufi kasuwa. Ga kifi, ga shinkafa, ga rana wadda ba ta fashi. In da za a ce wa likita ya kwatanta ƙasar da ƙashin yaro zai ginu da kyau a cikinta, da wuya ya kwatanta wadda ta fi wannan.

Amma fa a shiga gida a leƙa kwanon yaron da aka yaye. Da safe koko, da rana ɗumame ko shinkafa da mai, da dare tuwo. Nonon nan da ya wuce ta ƙofar gidansu, in an saya, mai gida ne ya sha shi da fura bayan ya dawo daga gona, yaro kuwa sai abin da ya rage a gindin ƙwarya. Ba rowa ce ta kawo haka ba. Al'ada ce ta ɗauki fura da nono abincin manya masu aikin ƙarfi. To, abin da muke so mu nuna wa masu karatu yau shi ne, a nan al'ada ta juya abin a baibai. Wanda ya fi kowa bukatar nono a gida shi ne yaron da aka cire daga mama, sa'an nan yara masu tasowa, tun ba mata ba.

Yadda ƙashi yake

Mutane da yawa sun ɗauka ƙashi mataccen abu ne kamar busasshen icce, gama wanda suka saba gani shi ne na miya ko na kan juji. Alhali kuwa ƙashin da ke jikin mai rai yana da rai, jini na shiga cikinsa yana fita, kuma kullum aiki ake yi a ciki. Akwai waɗansu ƙananan halittu na jiki da ido ba ya gani, iri biyu. Aikin iri ɗaya shi ne kankare tsohon ƙashi, aikin ɗayan kuwa shi ne cike gurbin da sabo, kamar yadda akan kankare katanga a sake yaɓe kowace shekara kafin damina. A jikin baligi, wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙasusuwansa 206 ne ake sabuntawa ta wannan hanya a kowace shekara. Wannan ne ma ya sa ɗori yake kamawa. Maɗori yana daidaita ƙashin ne ya ɗaure, amma jiki ne ke haɗa shi.

Ƙashi kuwa abu biyu ne aka haɗa, kamar tubali. Akwai wani abu mai laushi mai danƙo, wanda yake matsayin ciyawar da akan cuɗa da ƙasa, akwai kuma sinadari mai tauri da ke sauka a kansa ya sandare. Babba cikin wannan sinadari shi ne wanda likitoci ke kira kalsiyam, watau irin abin da ya yi ɓawon ƙwai da alli da farar ƙasa. A jikin babban mutum akwai wajen kilo ɗaya nasa, kashi 99 cikin 100 kuwa yana cikin ƙashi da haƙora. Ɗan ragowar yana yawo cikin jini, kuma da shi zuciya ke bugawa, da shi tsoka ke motsi. Saboda haka jiki ba ya yarda na cikin jini ya ragu ko kaɗan. In abinci bai kawo ba, sai ya shiga ƙashi ya ɗebo, kamar mai gida da ke buɗe rumbu da bazara. Jiki kuma ba ya iya ƙera kalsiyam da kansa. Abin da bai shiga ta baki ba, babu shi.

Rumbun nan kuwa ba kullum yake karɓar ajiya ba. Tun daga ciki ake fara zubawa, abin ya yi ƙarfi a shekarun balaga, kafin shekara 20 an yi mafi yawan ginin, kafin 30 an rufe. Daga nan sai tsare abin da aka tara, in tsufa ya zo kuma a fara ci daga ciki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji masu iya magana, ƙashi ma haka.

Saura abu guda. Kalsiyam ba ya ratsa hanji ya shiga jini yadda ya kamata sai da taimakon wani sinadari da ake kira bitamin D, wanda fatar mutum ke yi in hasken rana ya taɓa ta.

Abin da aka gano a Jos

Akwai cutar da ke samun yara in ƙashinsu ya kasa sandarewa, likitoci na kiranta riket. Ƙashi yakan yi laushi, nauyin jiki ya danne shi, ƙafafu su lanƙwashe waje kamar baka, ko kuwa gwiwoyi su haɗe yaro ya zama gwame. Wani likitan Ingila mai suna Francis Glisson ya yi bayaninta filla-filla tun 1650, ta kuma addabi biranen Turai a zamanin da hayaƙin masana'antu ya rufe musu rana. A 1919 Edward Mellanby ya nuna cewa man hantar wani kifi yana warkar da ita a jikin karnuka, a 1922 kuma aka gane sinadarin da ke cikin man, wanda aka raɗa wa suna bitamin D. Tun daga nan sai littattafan likitoci suka tsaya a kan cewa riket ciwon rashin rana ne.

To, sai ga abin mamaki. A Nijeriya, inda yaro ke yini a rana tun safe har magariba, likitoci suka riƙa ganin yara masu lanƙwasassun ƙafafu. Ina rashin rana a nan? Waɗansu likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, cikinsu har da Tom Thacher, da Philip Fischer, da John Pettifor na Afirka ta Kudu, suka ɗaura niyyar gano dalili. Suka tara yara 123 masu cutar, suka kasa su uku. Kashi na farko aka yi musu allurar bitamin D kaɗai, na biyu aka ba su kalsiyam kaɗai, miligiram 1,000 kowace rana, na uku aka haɗa musu biyun. Aka yi mako 24 ana duba jininsu, ana ɗaukar hoton ƙashinsu. Da aka buga sakamakon a 1999 sai aka ga cikin waɗanda suka sami kalsiyam, ko shi kaɗai ko haɗe da bitamin, wajen shida cikin goma sun warke ko sun kusa, cikin waɗanda suka sami bitamin kaɗai kuwa wajen biyu ne cikin goma.

Da aka auna abincin yaran sai aka tarar abin da suke samu a yini wajen miligiram 200 ne kawai na kalsiyam. Miligiram kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na giram, kada mai karatu ya ɗauka wani abu ne mai yawa. Masana cutar daga ƙasashe dabam-dabam sun yi matsaya a 2016 cewa yaron da ya wuce shekara ɗaya, in yana samun ƙasa da 300 a yini to yana cikin haɗari, in ya wuce 500 kuwa ya wadatu. Ka ga ke nan yaran Jos ko rabin abin da ya kamata ba su samu. Amma gaskiya ɗaya ce, sai a faɗi sauran labarin: maƙwabtansu masu lafiya da aka auna, su ma abin da suke samu ke nan. Watau ba duk yaron da ya rasa kalsiyam ne ƙafarsa za ta lanƙwashe ba, wani jikin ya fi wani juriya. Sai dai babu uwar da za ta san tun farko wane ne cikin 'ya'yanta mai juriyar. Binciken da ya biyo baya kuma ya nuna cewa bitamin D bai zama banza ba, haɗa shi da kalsiyam yana gaggauta warkewa.

Me ya haɗa Jos da Haɗejiya? Kwanon abinci. Can masara ce, nan gero ne da dawa da shinkafa, amma duk hatsi ne, hatsi kuwa ba shi da kalsiyam sai ɗan kaɗan. Har wa yau a cikin dusarsa akwai wani sinadari, fayitet, wanda ke kama kalsiyam cikin hanji ya hana shi shiga jini. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda mata ke yi in za su yi gasara, yana rage wannan sinadari, abin yabo ne kuwa. Amma rage ɓarawo ba ya cika rumbun da ba a zuba kome a ciki ba.

Abin da ke cikin ƙwarya

Madarar shanu tana ɗauke da wajen miligiram 120 na kalsiyam a kowane kashi ɗaya cikin goma na lita. Kofi guda mai cin rubu'in lita ke nan ya kawo wajen 300. Kofi biyu a yini sun fitar da ƙaramin yaro daga haɗari gaba ɗaya, ko kofi ɗaya ma, in aka haɗa da ɗan abin da yake samu a tuwo da miya, ya kai shi bakin wadata. Ba kalsiyam kaɗai ke ciki ba, akwai furotin, abin gina tsoka da wannan sashe mai danƙo na ƙashi, akwai kuma fosfaras, abokin kalsiyam wajen sandarewa. Ba banza Fulani ke cewa nagge daɗi goma ba.

Yanzu ga wurin da mutane suka fi kuskure. A kasuwa an jera nono daraja-daraja. Man shanu ne sarki, kindirmo ne waziri, tsala kuwa, watau nonon da aka kaɗa aka kwashe mansa, shi ne talaka, har akan ce an cire masa amfani. Ta wajen daɗi da ƙiba wannan jeri daidai ne. Ta wajen ƙashi kuwa ba haka abin yake ba, domin kalsiyam ba ya bin mai. In aka kaɗa nono man ya taso aka kwashe, kalsiyam yana nan zaune cikin ruwan nonon. Man shanu, duk da tsadarsa, abin da ke cikinsa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke cikin madara mai nauyinsa ba. Saboda haka uwar da kuɗinta bai kai na kindirmo ba, ta sayi tsala da kwanciyar rai, ba ta rage wa ƙashin ɗanta kome ba. Yin tsami ma ba ya ɓata kalsiyam, dafawa kuma ba ta kashe shi.

Abin da ke rage shi ɗaya ne, ruwa. In aka ƙara ludayin ruwa a kan ludayin nono, an raba kalsiyam ɗin biyu, ko da an zuba garin kuka ya yi kauri ya koma kamar na gaske. Garin kukar ba laifinsa ba ne, shi kansa abinci ne, amma kaurin ido ba kaurin amfani ba ne. In ruwan kuwa na kududdufi ne, ga gudawa an saya wa yaro da kuɗi. A nan bai kamata a ɗora wa mai tallan nono laifin duka ba. Da rani tatsa takan ragu ƙwarai, mai saye kuwa ya dage sai a cika masa ludayi a kan kuɗin damina. Ya fi kyau mutum ya san mai nononsa, ya biya ta abin da ya dace, ya karɓi kaɗan mai kyau, in ya so ya sirka a gida da ruwan da ya amince da shi.

Madarar gwangwani da ta gari, in na gaskiya ne, su ma suna da kalsiyam. Amma ɗan cokalin da mai shayi ke ɗigawa don ruwan ya sake launi ba zai gina ƙashin kowa ba. Akwai kuma wani farin gari da ake sayarwa don shayi wanda akasarinsa man itace ne da sukari, kamanninsa kawai na madara. Wanda ya iya karatu ya duba jikin leda kafin ya saya. Cuku kuwa, wanda akan kawo daga Nijar, nono ne aka tsane ruwansa aka busar, ɗan guntunsa yana ɗauke da abin da ke cikin madara mai yawa, ga shi ba ya lalacewa da wuri.

Masu cewa madara na ɓata musu ciki

Sau da yawa akan ji mutum ya ce in ya sha madara cikinsa sai ya yi ta ƙugi, ya kumbura, wani ma har ya zaga. Ba ƙarya yake ba. A cikin madara akwai wani irin sukari wanda hanjin jariri ke narkarwa da sauƙi, amma a jikin yawancin mutanen duniya ikon narkar da shi yakan ragu bayan yaye. A 1971 Norman Kretchmer da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a Nijeriya, inda suka tarar mafi yawan Fulani makiyaya suna riƙe da wannan iko har girma, mafi yawan Yarabawa kuwa ba su da shi. Gado ne na mutanen da kakanninsu suka daɗe suna rayuwa a kan shanu. To, dabarar da iyayenmu suka gada ta riga likita zuwa: in nono ya kwana ya yi tsami, ƙwayoyin da suka tsamar da shi sun cinye wani sashe na sukarin. Shi ya sa wanda madara ke damu yakan sha kindirmo ko tsala lafiya lau, musamman in ya sha kaɗan-kaɗan tare da fura.

Wani abin da ya fi ƙugin ciki muhimmanci shi ne ɗanyen nono. Saniya tana iya ɗauke da tarin fuka irin na shanu, ko ciwon nan da makiyaya ke kira bakkale, mai sa shanu ɓari, kuma duka biyun suna bin nono su shiga mutum. Abin takaici, dukansu sun san hanyar ƙashi. Tarin fuka yakan zauna a ƙashin baya ya cinye shi har mutum ya yi ƙusumbi, bakkale kuwa yakan kawo zazzaɓin da ba ya jin maganin sauro, da ciwon ƙugu da na gaɓoɓi. Tsami kaɗai ba abin dogara ba ne wajen kashe su. Maganin abin shi ne a tafasa madara bayan an tatsa, a bari ta huce, sa'an nan a zuba mata ɗan tsohon nono ta kwana. Mata da yawa a rugage sun riga sun saba da haka, kindirmonsu ma ya fi daɗewa bai lalace ba.

'Yan mata, masu shayarwa, da tsofaffi

Jariri dai wata shida na farko ba ya bukatar kome sai nonon uwarsa, ko ruwa ma ba ya bukata. Nonon saniya ba ya maye gurbinsa. Bayan wata shida a fara ba shi abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Ramin yana nan ne daidai wurin yaye, ranar da aka ɗauke mama aka miƙa masa kofin koko tsura. Daga nan har ya shekara biyar ne riket ya fi bayyana.

Lokaci na biyu shi ne tsakanin shekara 10 da 18, sa'ad da yaro ke miƙewa kamar karan dawa. Ma'aunin da hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka bayar ga masu waɗannan shekaru shi ne miligiram 1,300 a yini, ya ɗara na baligi wanda yake 1,000. An gina ma'aunin ne bisa abincin Turawa, kaɗan ne kuwa cikin yaranmu za su kai shi, amma ya isa ya nuna inda bukata ta fi yawa. Ga 'ya mace abin ya fi nauyi. Yarinyar da riket ya taɓa ƙashin ƙugunta tana ƙarama, hanyar haihuwarta tana iya ƙuntata, wahalar kuwa ba za ta bayyana ba sai ranar naƙuda. Wadda kuma ta yi ciki tun ƙashinta bai gama ginuwa ba, gini biyu take yi da kayan gini ɗaya.

Mai shayarwa kuwa kada ta tsorata. A Keneba ta ƙasar Gambiya, inda abincin mata yake da ƙarancin kalsiyam kamar namu, Ann Prentice da abokan aikinta sun bi masu shayarwa cikin shekarun 1990, suka ga ƙashin uwa yakan ɗan ragu sa'ad da take shayarwa, ko an ba ta ƙwayar kalsiyam ko ba a ba ta ba, sa'an nan ya komo bayan yaye. Bashi ne jiki ke ci ya biya. Matan da ba su cika fita ba kuma, su da jariransu, ya kamata su riƙa samun rana a tsakar gida.

Game da manya masu cikakken ƙarfi, masana ba su daidaita a kan cewa yawan shan madara yana hana karaya ba, kada kowa ya ɗauka ƙwarya uku ta fi biyu. Aikin ƙarfi da tafiya a ƙasa su ma suna ƙarfafa ƙashi, manomi da masunci kuwa ba su rasa wannan ba. Amma ga tsofaffi akwai hujja mai ƙarfi. A 2021 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a gidajen kula da tsofaffi 60 a Ostireliya, mutum fiye da 7,000. Rabin gidajen aka ƙara musu madara da kindirmo da cuku har shekara biyu. Karaya ta ragu da kashi ɗaya cikin uku, karayar kwankwaso kuwa ta ragu kusan rabi. Tsohuwar da ta zame a bakin rijiya kwankwasonta ya karye, sau da yawa ba faɗuwar ce mai tsanani ba, ƙashin ne ya zaizaye tun bayan da haila ta ɗauke mata.

Ƙwarya tana bin kogi

Duk wannan magana ba ta da amfani in babu nonon. Saniyar gida, Bunaji ko Rahaji, abin da akan tatsa daga gare ta bayan maraƙi ya sha bai cika wuce lita ɗaya zuwa biyu ba a yini, da bazara kuwa ko haka ba ya samuwa. Abin da ya bambanta ƙasar Haɗejiya da tudu tun fil azal shi ne fadama. Kogi yakan cika da damina ya malala, in ya janye ya bar ciyawa ɗanya wadda shanu ke ci har tsakiyar rani. Ambaliyar nan ita ce uwar nonon rani.

Amma kogin ya sake hali. An gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukansu a saman Haɗejiya. Sun kawo noman rani da ruwan sha, ba mai musun wannan. Sai dai sun rage malalar damina wadda ke shayar da makiyaya, suka kuma sa ruwa yana gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, abin da ciyawar kacala ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗejiya da Nguru, ta mamaye wuraren da dā gonaki ne da makiyaya, shanu kuwa ba su ƙoshi da ita in ta ƙosa. Da injinan ban-ruwa suka yawaita cikin shekarun 1980, aka kuma hana shigo da alkama a 1987, sai noman rani ya shiga fadamun da dā akan bar wa shanu. Burtali ya ƙuntata, mashaya ta koma bayan gonar wani, rikici ya yi ta tashi. In kuma ruwa ya zo da hauka, kamar a 2022, sai ya ci gona ya ci makiyaya gaba ɗaya.

A ganinmu, masu shirya rabon ruwa da rabon fili sun saba lissafa buhunan shinkafa da alkama, ba su saba lissafa ƙwaryar nono ba. An kafa dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa tun 1965. In garke ya bar ƙasa da rani don ya rasa hanyar ruwa, ba Bafulatani kaɗai ya yi hasara ba, ɗan manomin da ya tare burtalin ma ya rasa nono wata huɗu ko biyar. Manomin shinkafa kuma yana da abin da saniya ke bukata, watau bambaro da dusa, ga harawar wake da ta gyaɗa. Tara su a ajiye wa shanun tatsa ya fi cinna musu wuta.

Kafin a gyara wannan, akwai abin da uwa za ta riƙe da rani, Haɗejiya kuwa ta fi kowa shi. Kifi ne. Ba tsokarsa ba, ƙayarsa. Likitocin nan na Jos sun gwada niƙaƙƙen busasshen kifi, har da ƙashinsa, a kan yara masu riket, ya kuwa warkar. Ƙananan kifin da akan raina a kasuwa, in aka busar da su sarai, aka daka su lukui da kai da ƙaya, aka tankaɗe don kada wani tsini ya saura, cokali guda cikin miyar yaro ko fatensa babban abu ne. Miyar kuka ma tana cikin ganyayen da suka fi kalsiyam, haka zogale. Ba su kai nono sauƙin shiga jiki ba, amma kullum suna nan, ba su da tsada.

Alamun da za a lura da su kuwa ga su. Yaro ya yi jinkirin tsayawa ko tafiya, ko ya riƙa kukan ƙafa in ya ɗan yi nisa. Wuyan hannunsa ya yi kauri kamar an sa masa warwaro a ƙarƙashin fata. A gefen ƙirjinsa, inda haƙarƙari ya haɗu da guringuntsi, a ji ƙulli-ƙulli a jere kamar carbi. Maɗigarsa ta daɗe ba ta rufe ba. Ɗan bakan ƙafa ga yaron da bai kai shekara biyu ba abu ne da aka saba gani, yakan miƙe da kansa. Wanda ya wuce haka yana ƙaruwa, ko ya fi yawa a ƙafa ɗaya, shi ne abin dubawa. Wannan ba aikin maɗori ba ne, gama babu abin da ya karye, ɗaure ƙafar da kara kuwa wahala ce kawai ga yaro. A kai shi babban asibitin Haɗejiya ko wanda ya fi kusa, a ɗauki hoton wuyan hannu da gwiwa. Maganin ƙwayar kalsiyam ce da bitamin D, akan sha wata uku zuwa shida, ko fiye in likita ya ga dama. In an fara da wuri ƙafar takan miƙe a hankali yayin da yaron ke girma. Wanda aka bari har ƙashinsa ya gama sandarewa a lanƙwashe, sai dai a yi masa aiki.